Amsa ga ɗalibin da ke son zuwa garin Inuit a ƙuryar arewacin Kanada

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, kace kana karatu a Ottawa, ka tara ɗan abin da ka tara, kana so kafin ka koma gida ka je ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan mutanen da ka kira Eskimo ka ga rayuwarsu da idonka, kana tambaya ta ina ake bi, nawa zai ci, wane lokaci ya fi, da kuma yadda zaka yi da salla da abinci. Toh bari in gaya maka iya abin da na sani, aikina na harkar ruwan sha ya sha kai ni garuruwan tsibirin Baffin, kuma da Pond Inlet zan yi maka misali don shi na fi sani, su mutanen garin Mittimatalik suke kiransa.

Kafin komai dan Allah ka ajiye kalmar Eskimo ɗin nan tun daga Ottawa, a Kanada ba sa sonta ko kaɗan. Inuit ake cewa, in mutum ɗaya ne Inuk, yarensu kuma Inuktitut.

Yankin da kake magana a kai sunansa Nunavut, an kafa shi ranar 1 ga Afrilu 1999 bayan yarjejeniyar ƙasa da Inuit suka yi da gwamnatin Kanada a 1993. Girmansa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya ninka Najeriya sau biyu har da ɗoriya, amma mutanen ciki a ƙidayar 2021 su 36,858 ne kacal, sun rarrabu a garuruwa 25 kuma babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa wani gari da wani, balle ya haɗa su da kudancin Kanada. Wannan maganar ta rashin titi ka riƙe ta da kyau domin duk sauran abin da zan faɗa maka daga nan ya samo asali. Duk abin da ka gani a garin, daga ƙusa har motar ɗaukar ruwa, ko dai jirgin sama ne ya kawo shi ko jirgin ruwan dakon kaya da ke zuwa da bazararsu in ƙanƙarar teku ta buɗe, kuma wannan ƙofar 'yan makonni ce take buɗe sai ta sake rufewa. Mutum in ya manta bai yi odar kayan gini ba a kan lokaci toh sai baɗi.

Hanya kam ɗaya ce. Daga Ottawa ka hau jirgin Canadian North zuwa Iqaluit babban birnin yankin, wajen awa uku, daga nan ka canja zuwa ƙaramin jirgi mai farfela ya ƙara tafiya da kai sama da kilomita 1,000 arewa, wani sa'in ya ɗan sauka a Clyde River tukuna, sannan ya dire a filin jirgin Pond Inlet wanda tsakuwa ce ba kwalta ba. Kuɗin tikitin zuwa da dawowa dubban dalolin Kanada ne, sau da yawa ya fi abin da zaka biya daga Ottawa zuwa Kano, kar ka yi mamaki. In kana da makin Aeroplan, wato shirin tara maki na kamfanin jirgin Air Canada, ka duba tun da wuri don ana iya fansar kujera da su, sai dai kujerun ba su da yawa. Kuma duk ranar da ka sa zaka dawo ka ƙara kwana biyu ko uku a lissafinka, hazo ko guguwar dusar ƙanƙara kan hana jirgi sauka, sai ya zo har saman gari ka ji ƙararsa ya juya ya koma Iqaluit. Kar ka sa tafiyar nan dab da jarrabawa.

Masauki shi ne abin da zaka fara nema, kafin ma tikiti. A yawancin garuruwan nan otal ɗaya ne ko biyu, galibi na ƙungiyar gama kai ta garin wadda kowa ke kira Co-op, kuɗin kwana ɗaya ɗaruruwan daloli ne kuma a kan kowane kai ake biya ba a kan ɗaki ba, don haka in an cika zasu iya haɗa ka ɗaki da wanda baka taɓa gani ba. Da bazara 'yan kwangila da magina kan cinye ɗakunan kaf. Kuma kar ka ce ai in na je zan samu wani ya sauke ni a gidansa, ba wai basu da karamci bane, suna da shi fiye da yadda kake zato, matsalar ita ce ƙarancin gidaje ya yi musu katutu, zaka tarar da kaka da 'ya'ya da jikoki cunkushe a gida mai ɗaki biyu ko uku, wasu ma kwana suke yi bi da bi. In ka faɗo musu ba shiri ba zasu kore ka ba, amma wani ne zai bar maka katifarsa.

Bari in ɗan tsaya a kan ruwa tunda fannina ne. Ƙasar wurin a daskare take shekara da shekaru har can ƙasa, saman ne kawai ke ɗan narkewa da bazara, shi ya sa ake ɗora gidaje a kan ƙafafun ƙarfe don kar ɗumin gida ya narkar da ƙasar ginin ya nutse, kuma shi ya sa a yawancin garuruwa ba a binne bututu. Kowane gida yana da tanki biyu, ɗaya na ruwa mai kyau da mota ke zuwa ta cika, ɗaya na ƙazanta da wata motar ke zuwa ta zuƙe. In guguwa ta hana motocin fita kwana biyu, ko mota ɗaya ta lalace ana jiran safaya fat daga kudu, toh gidaje sun shiga uku. Don haka in ka shiga wanka ka yi sauri, alwala ma kar ka saki famfo yana zuba. Direbobin motocin nan da ke jan tiyo a sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, wallahi su ne ke riƙe da garin, in ka gamu da su ka gaishe su da kyau.

Kaga abin da nake so ka gane shi ne wurin nan ba filin kallo bane, gidan mutane ne, kuma gado da ruwa da kujerar jirgi da lokacin nas ɗin asibiti duk a ƙidaye suke, abin da baƙo ya ɗiba daga rabon 'yan gari ya fito. Wannan ba dalilin ƙin zuwa bane, suna son baƙi kuma suna buƙatar kuɗin da baƙo ke kawowa. Dalili ne na ka je da shiri, wani ɗan gari ya san da zuwanka, kuma kuɗinka ya shiga hannunsu.

Abinci a kanti tsada kamar me. Kantuna biyu ne, Northern da Co-op, gwamnati na da tallafin da ake kira Nutrition North tun 2011 wanda ke rage kuɗin madara da ƙwai da kayan lambu, amma duk da haka farashin zai girgiza ka, kuma a duk Kanada babu inda gidaje ke fama da ƙarancin abinci kamar Nunavut. Ka cika kula da naman halal daskararre daga Ottawa, shinkafa, taliya, yajinka, dabino, sannan ka ware jaka guda ta tsaraba, lemo da tuffa da inabi da ganyen shayi da kofi. Ɗanyen kayan marmari a can kyauta ce mai daraja sosai musamman ga tsofaffi.

Maganar lokaci kuwa. Pond Inlet na kan digiri 72 arewa, rana na faɗuwa wajen tsakiyar Nuwamba ba a sake ganinta sai ƙarshen Janairu, kuma a Fabrairu matsakaicin sanyi ya wuce 30 ƙasa da sifili, in iska ta taso abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Ban baka shawarar zuwan farko a wannan lokacin ba. Daga farkon Mayu kuma zuwa farkon Agusta rana bata faɗuwa sam, zagaye kawai take yi a sama, ƙarfe biyun dare zaka ga yara na wasa a waje. Yuli lokaci ne mai wuyar sha'ani don ƙanƙarar teku na farfashewa, ba a bi ta kanta kuma kwale-kwale bai samu hanya ba tukuna. Agusta ruwa ya buɗe amma lokacin manyan jiragen yawon buɗe ido ne da ke sauke ɗaruruwan mutane su yi awa kaɗan su tafi. In hasken nan mai rawa a sararin sama ne ke ranka toh ba nan zaka nema ba, sai an yi duhu ake ganinsa, kuma Iqaluit ta fi Pond Inlet samunsa don Pond ta yi arewa da yawa.

Ni a ganina ka nufi ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, lokacin sinaaq, wato bakin ƙanƙara, inda daskararren tekun da ke manne da tudu ya ƙare buɗaɗɗen ruwa ya fara. Ana ɗora ka a qamutiik, wani dogon abin ja na katako da ake ɗaure shi da igiya ba ƙusa ba don ya riƙa lanƙwasa in ya hau tudun ƙanƙara, babur ɗin kan ƙanƙara da suke kira sikidu ya ja ku awanni a saman teku, duwatsun tsibirin Bylot na gefenku, kuna tsallake tsagogin da ruwa ke leƙowa ta ciki, jikinka duk zai yi tsami saboda jijjiga. Amma in kun isa, subhanallah. Duk wani mai rai a yankin nan yake taruwa don nan abinci yake, tsuntsaye dubbai da ke sheƙa a duwatsun Bylot, nattiq wato dabbar ruwan nan da Turawa ke kira sil, farin beyar da suke kira nanuq yana bin gefen ruwa yana farauta, sai kuma narwal, dabbar teku ce dangin wel wadda namijinta ke da haure guda miƙaƙƙe a murɗe da kan kai mita biyu har zuwa uku. Kafin ka gansu numfashinsu zaka fara ji saboda tsit ɗin wurin. Sai dai ba alkawari bane, zaka iya kwana uku baka ga narwal ko ɗaya ba, kuma iyalan da zaka gani a wurin ba kallo suka zo ba, abincin gidansu suka zo nema.

Wajen nan ba a zuwa sai da jagora ɗan gari mai lasisi, ko bayan gari kar ka fita kai kaɗai, beyar ba abin wasa bane kuma shi jagora da bindigarsa yake tafe, da dare ma akwai mai gadin tanti. Bakin ƙanƙarar kan ɓalle ya yi cikin teku da mutane a kai, ya sha faruwa har sai an turo jirgi mai saukar ungulu. In jagoranka ya kalli sama ya kalli ƙanƙara yace yau ba za a fita ba, ko yace a naɗe tanti yanzun nan, shikenan magana ta ƙare, kar ka ce ai na biya kuɗi. Yankin Arctic na ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya tun daga 1979, hanyoyin da kakanninsu suka saba bi yanzu wasu sun zama tarko, shi ya sa a Pond Inlet suka haɗa ilimin dattawa da na'urorin auna kaurin ƙanƙara a wani shiri da ake kira SmartICE wanda matasan garin ke gudanarwa. Su da aka haifa a kai suna taka tsantsan, ina kai.

Akwai kamfanonin kudu da ke sayar da tafiyar gaba ɗaya a dunƙule da kuɗi mai kauri, in zaka bi ta hannunsu ka tambaye su su waye jagororin, nawa ne ke zama a garin. Ni na fi son ka kira ofishin hukumar garin ko cibiyar baƙi ta Nattinnak ko ƙungiyar mafarauta su haɗa ka da mai wannan sana'a ɗan gari kai tsaye. In zaka shiga Sirmilik, gandun dajin gwamnati da ke kusa da garin, dole ka yi rajista da hukumar gandun daji ta Kanada su yi maka bayani kafin ka shiga, ka kuma sanar da su in ka fito. Sannan tunda ɗalibi ne kai bari in faɗa maka, in ka ce zaka yi hira da mutane don ka sa a rubutun digirinka toh ya zama bincike, sai da lasisi daga cibiyar bincike ta Nunavut da ke Iqaluit, kuma yana ɗaukar watanni.

Sanyi kuma kar ka ce ai na saba da na Ottawa. Ko a Yuni in kana zaune a qamutiik iska na dukanka awa biyar zaka ji shi har ɓargo. Kar ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi gumin ya yi sanyi, ulu ko na roba zaka sa a ciki, sai mai kauri a tsakiya, sai mai tare iska a waje. Safar hannu irin wadda yatsu ke haɗe wuri ɗaya ta fi mai yatsu rarrabe. Babbar riga da takalmi galibi jagora na bayar da haya, ka tambaya kafin ka kashe kuɗi. Mu baƙar fata akwai abin da ya shafe mu musamman, binciken da aka yi a kan sojoji a Birtaniya da Amurka ya nuna sanyi ya fi saurin yi wa yatsunmu illa, kuma alamar da ake koya wa mutane su duba, wai fata ta yi fari, a jikinmu bata fitowa haka, toka-toka take yi ko wurin ya yi tauri ka daina jinsa. In yatsa ya daina ciwo bayan yana yi, ba sauƙi ka samu ba, ka faɗa wa jagora nan take, kar kunya ta hana ka. Baƙin tabarau mai kyau dole ne don hasken da ke dawowa daga dusar ƙanƙara na ƙona ido. Wayarka ka sa ta a aljihun ciki in ba haka ba batir zai mutu cikin mintuna.

Asibiti babu a garin, cibiyar lafiya ce da nas-nas ke riƙe da ita, in abu ya yi tsanani jirgi ake kira ya kai mutum Iqaluit ko Ottawa, kuɗin wannan jirgin dubban daloli goma-goma ne. Ka kira masu inshorarka ta ɗalibai ka tambaye su ƙarara ko sun ɗauki nauyin wannan, in basu ɗauka ba ka sayi wata. In kana mura ko tari ka ɗaga tafiyar, cuta in ta shiga gidan da mutum goma ke ciki sai ta zagaye kowa. Tarin fuka ma har yanzu yana nan, an ayyana ɓarkewarsa a Pond Inlet a Maris 2023.

Yanzu ga abin da na fi so ka karanta a nutse. Gidan ƙanƙara da kake gani a hoto ba wanda ke zaune a ciki yau, mafarauci kan gina shi in dare ya same shi a daji kuma ana koya wa yara, amma mutane a gidajen katako suke, da talabijin da Facebook da komai. Yadda aka yi suka baro sansanoninsu na farauta suka taru a garuruwan nan tsakanin shekarun 1950 da 1960 labari ne mai ɗaci kuma waɗanda abin ya faru a kansu da yawa suna raye. Tun daga shekarun 1940 gwamnati ta riƙa ba kowane Inuk lamba a wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya saboda jami'ai sun kasa rubuta sunayensu, sai wajen 1970 wani Inuk mai suna Abe Okpik ya zagaya gari gari aka yi musu rajistar sunaye. An kashe musu karnukan ja masu ɗimbin yawa, mutumin da ba shi da karnuka kuwa ba shi da hanyar farauta, dole ya zauna a gari ya jira tallafi. Jirgin ruwan C.D. Howe kan zo a gwada mutane, wanda aka samu da tarin fuka a wuce da shi kudu wani ko sallama da iyalinsa bai yi ba, da yawa sun rasu a can danginsu basu san inda kabarinsu yake ba. An kwashi yara an kai makarantun kwana inda ake hukunta su in sun yi yarensu. A 1953 kuma aka ɗebi iyalai daga Inukjuak a arewacin Quebec aka kai su can Resolute da Grise Fiord, wurin da basu san duhunsa ba basu san dabbobinsa ba, aka haɗa da wasu iyalai daga Pond Inlet ɗin nan don su koya musu zama, aka yi musu alkawarin dawowa bayan shekara biyu ba a cika ba. Gwamnati ta nemi afuwa a kan wannan a 2010, a kan tarin fuka a Maris 2019, a kan karnuka da sauran abin da aka yi a yankin Baffin a Agusta 2019.

Abin da ya sa na kawo maka wannan, zaka ga abubuwa a garin da zasu dame ka, shaye-shaye a wasu gidaje, kuma kusan babu iyalin da bai rasa matashi ta hanyar kashe kai ba. Kar ka kwana uku ka dawo kana yanke hukunci, baƙo ko da ido makaho ne. Kuma kar ka tono wa dattijo waɗannan maganganun, in ya ga dama shi zai faɗa maka.

Haka maganar farauta. Kamfen ɗin da aka yi a Turai kan fatar sil, da haramcin shigar da ita Turai na 1983 da na Tarayyar Turai a 2009, ya karya kasuwar da mafarautan Inuit ke samun kuɗin mai da harsashi da ita duk da an ce wai an cire su daga haramcin. Don haka in ka ga ana feɗe dabba a kan ƙanƙara kar ka zaro waya, ka nemi izini, in an baka ma ka yi tunani kafin ka ɗora a intanet don hoton jini a kan farar ƙanƙara an sha amfani da shi a zage su. Yara ma kar ka ɗauke su sai iyaye sun yarda. Akwai kuma batun ma'adinin ƙarfe na Mary River a arewacin tsibirin Baffin da jiragensa ke bi ta ruwan da narwal ke zama, a Fabrairu 2021 mafarauta sun tare filin jirgin ma'adinin, a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da faɗaɗa aikin. Garin a rabe yake a kai, wasu a can suke aiki wasu na ganin narwal na raguwa, kai dai naka saurare.

In an gayyace ka gida, takalmi a bakin ƙofa. Zaka yi tambaya ka ga ba a ce komai ba, toh ka kalli fuska, ɗaga gira na nufin e, tattare hanci na nufin a'a. Ba sa jera tambayoyi kamar yadda muke yi a gaisuwa, kuma shiru a tsakiyar hira ba matsala bane, ka zauna ka sha shayinka. Na gode a can qujannamiik ake cewa, in abinci ya yi daɗi kace mamaqtuq zaka ga tsohuwa ta washe baki. Wani abu da zai yi maka kama da gida shi ne yadda suke sa wa jariri sunan wanda ya rasu sannan su riƙa kiransa da matsayin mai sunan, sai ka ji mace na kiran 'yar ƙaramar yarinya uwata, kamar dai yadda muke da su Abba da Ummi a gidajenmu, sai dai nasu ya fi zurfi don ba ruwansu da namiji ne ko mace, yarinya na iya ɗaukar sunan kakanta namiji.

Abincinsu ana shimfiɗa kwali a ƙasa a zube shi kowa ya sa wuƙarsa, mata da ulu, wuƙa mai siffar rabin wata. Akwai kifin iqaluk daskararre ɗanye, akwai maktaaq wato fatar narwal da ɗan kitsenta, akwai naman nattiq, akwai tuktu mai kama da barewa amma ya fi ta girma, da wani burodin kasko palaugaaq. Kifi ba magana. Dabbobin teku kuma a mazhabarmu ta Malikiyya akwai yalwa sosai a kansu har da waɗanda ke iya daɗewa a tudu, amma tuktu dabbar tudu ce da aka harba, mutanen garin galibi Kiristoci ne 'yan Angilika da Katolika, wannan ka tambayi malaminka kafin ka tashi don kar ka tsaya kana inda-inda a gaban mai gida. Naman beyar da na aiviq, wata babbar dabbar ruwa mai haure biyu, kar ka ci su ɗanye ko don tsutsar da ke cikinsu, igunaq kuma wato naman da aka binne ya yi watanni, cikin da bai saba ba ya yi haƙuri. Abin da baka ci kace addinina ne ya hana, suna ganewa, abin da ke ɓata musu rai shi ne yatsine fuska.

Salla kuwa, a Iqaluit akwai masallaci da aka buɗe a Fabrairu 2016, ka yi ƙoƙari jiran jirginka ya haɗa da Juma'a ka gana da jama'ar, akwai 'yan Afirka da dama da ke aiki a birnin. A Pond Inlet kai kaɗai zaka yi abarka, kuma tunda rana bata faɗuwa ƙaddara lokaci ake yi, malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace a ƙaddara wa doguwar ranar gwargwadonta. Wasu na bin lokacin Makka wasu na bin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ka zaɓi ɗaya da shawarar malami ka buga jadawalin a takarda ka tafi da shi. Alƙibla daga can tana wajen arewa maso gabas, amma kamfas na maganaɗisu ruɗewa yake a wannan yankin, gara ka duba taswira tun kana gari ka sa alama da wani dutse ko ka tambayi jagora ina arewa take. Ka tafi da huffi da ɗan dutsen taimama, in ka yi alwala a sansani da ruwan ɗumi ka goge jikinka tas kafin ka fito daga tanti.

Masu sassaƙa da masu ɗinki zasu same ka har ɗakin cin abinci na otal da kayansu, gunkin dabbobi na dutse, safar hannu ta fatar sil, 'yan kunne. Ka riƙe tsabar kuɗi don na'urar kati na iya tsayawa in intanet ta ɗauke. Halinmu na ciniki ka bar shi a gida, abin da mutum ya faɗa in zaka iya ka biya in bazaka iya ba kace ka gode, galibi kuɗin man sikidu ko na cefanen ranar yake nema. Duk abin da aka yi da haure ko fatar beyar kar ka saya sai ka tabbatar da takardun fita da shi daga Kanada, in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe.

In ka lissafa ka ga kuɗinka ba zai kai Pond Inlet ba, kuma ga ɗalibi zai yi wuya ya kai gaskiya, toh kar ka ci bashi. Ka je Iqaluit a Afrilu lokacin bikin Toonik Tyme da suke yi tun 1965, zaka ga tseren karnuka da gasar gina gidan ƙanƙara, ko ka ƙara jirgin kusan awa ɗaya zuwa Pangnirtung. Kafin nan ma Ottawa ɗin da kake ciki na daga cikin biranen kudu da Inuit suka fi yawa, akwai cibiyarsu Tungasuvvingat Inuit, ka riƙa duba tarukan da suke buɗe wa kowa ka je ka zauna. In kuma Pond ɗin ka ƙudurta, ka fara kiran otal da jagora tun Janairu ko Fabrairu, kar ka taɓa tikiti sai su biyun sun tabbatar maka a rubuce. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.